Fasinjar da Ta Ƙi Sauka

Abubuwa da yawa sun same mu a Maiduguri a shekarun nan na tashin hankali. Wasu na manta su da gangan, wasu kuma su suka gaji suka rabu da ni. Amma akwai wata safiya da na tabbata ko na tsufa na rikice har na daina gane jikokina, ita kam tana nan daram a kaina. Ita ce safiyar da muka ɗauko aikin ƙanena daga unguwar Bolori za mu kai shi wurin baje koli, saura ƙiris in koma gida ni kaɗai.

Mu asalinmu Kanawa ne, amma a unguwar Mafoni aka haife mu, nan muka tashi. Ni zane na karanta, ina koyar da shi a wata makarantar 'yan mata. Ƙanena kuwa walda ya koya, yana da rumfa a Bolori inda yake haɗa ƙofofi da tagogi. Shiru-shiru ne, irin mutanen da sai ka tambaye su sau biyu kafin su amsa, kuma ba ya iya ƙarya ko ta wasa, abin da ya sha jawo mana duka muna yara. Da aka hana hawa babur a gari, babura suka zube a gidajen mutane suna tsatsa, sai ya fara bin 'yan gwangwan yana tsintar tankuna da sarƙoƙi da salansa. In ya gama aikin ƙofa sai ya ja labulen buhu a bayan rumfa, ya zauna yana haɗa wasu abubuwa da ba ƙofa ba.

In ka ce wa mutumin wani gari akwai masu zane a Maiduguri a wancan lokacin, dariya zai yi maka. To muna nan, ba mu dai da yawa. Akwai malaman makaranta irina, da ɗalibai, da masu rubuta allunan shaguna, da wata mai ƙunshi da ta koma zuba zanenta a kan yadi tun da bukukuwa suka yi ƙaranci. Matattararmu gidan wani tsohon malamin zane ne, Babarbare, wanda ya koyar da yawancinmu, kowa Baba yake ce masa. Ya fasa bangon da ke tsakanin falonsa da gareji, ya shafe da farin fenti, ya ce ga galari. Muna tsokanarsa cewa galarinsa har yanzu warin baƙin mai yake, shi kuma ya ce wanda bai so ba ya je ya gina nasa. Ba a kafa allo a ƙofa, ba a sanarwa a rediyo, baki da baki ake gayyata, kuma ana watsewa kafin la'asar, don taro a lokacin abin tsoro ne. Wani abin da na lura shi ne, a duk baje kolin da muka yi ba wanda ya taɓa zana bindiga. Takalma ake zanawa a zube a titi, da shaguna a kulle, akwai ma wanda shi ƙofofi kawai yake zanawa.

Aikin ƙanena na wannan karon daga gidanmu ya samo asali. Wata mata ce ta gudo daga wani ƙauye ta wajen Bama, goye da jariri, Umma ta ba ta ɗakin da muke ajiye tarkace. Hausarta ba ta nuna sosai ba, amma wata rana muna tsintar shinkafa ta ba mu labarin tafiyarta. Ta ce duk tsawon hanya ba ta yarda ta kwance goyon ba. In yaron ya yi shiru sai tsoro ya kama ta, ta kasa dubawa da kanta, sai ta roƙi duk wanda ke kusa ya kara kunnensa a bayan yaron ya gaya mata ko yana nan. Yaron ya rayu, lokacin da take ba mu labarin ma yana rarrafe a tsakar gida yana cin ƙasa. Ƙanena yana bakin ƙofa yana wanke hannu, yana jinmu.

Watanni bayan nan ya kira ni rumfarsa ya ɗaga labulen. Mace ce ya ƙera, girman mutum, a zaune, ta sunkuyar da kai irin na wadda gajiya ta gama da ita. Jikinta ƙonannen kwanon rufi ne, haƙarƙarinta sarƙar babur. Goyon da ke bayanta tankin babur ne, majanyin kuma wayoyin lantarki ne ja da baƙi da shuɗi, ya kitse su kamar gashi ya zagayo da su ya ɗaure a ƙirjinta. A cikin tankin ya dasa injin agogon bango da batirinsa. Ya ce in kara kunnena. Na kara, na ji ƙas, ƙas, ƙas, sai ga hawaye. Ban taɓa gaya masa ba saboda kada kansa ya kumbura, amma duk cikinmu ba wanda ya taɓa yin aikin da ya kai wannan.

Matsalar ita ce yadda za a fitar da ita. Ƙanena dama ba ya bari a ga aikinsa sai ranar baje koli, wannan ɗabi'arsa ce. Ga kuma babban dalili: siffar mutum ce. In maƙwabta suka gani, kafin azahar an ce ɗan gidan wance yana ƙera gumaka a Bolori, kuma ba ka san kunnen da maganar za ta faɗa ba. Masu tayar da ƙayar baya, da muke ce wa yaran nan, sun kashe mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Na ce a sa ta a buhu, ya ce ai a garin nan ba abin da ake zuba wa ido kamar babban buhu. Na ce tampol, ya ce wannan ya fi muni. Can sai ya dube ta ya ce, ai mace ce, a sa mata hijabi kawai ta zauna a keken haya mai ƙafa uku kamar kowa.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ranar da za a buɗe baje kolin na zo da babban hijabina ruwan ƙasa, muka zura mata, muka ja shi ya rufe goshi. Da yake kanta a sunkuye yake, wallahi in ba an gaya maka ba, cewa za ka yi wata baiwar Allah ce ba ta jin daɗi. Mai keken da ke kai ni makaranta kullum, wani dattijo mai barkwanci, shi ya taya mu ɗora ta, har yana ce mata Hajiya a gyara zama. Na zauna kusa da ita na riƙe ta, ƙanena ya zauna gaba gefen direba. Muna fita layin wata maƙwabciyar rumfar ta leƙo ta ce asibiti za a kai ta ne, Allah ya ba ta lafiya. Muka ce amin, muna danne dariya, muna jin mun yi dabara.

Har yau in na tuna sai in rasa inda hankalinmu ya tafi. Mu uku, manya, a garin da aka kai matsayin in mace mai hijabi ta doso taro sai mutane su fara ja da baya don tsoron bam. Ni kaina sau nawa aka sa ni ɗaga hijabi a bakin kasuwa. Amma mun daɗe muna kallon abin nan a matsayin uwa da ɗanta, har idonmu ya daina ganin tanki da waya. Maƙwabta kawai muke tunani, su muka ɓoye wa, kuma mun zaɓi hanyar da muka san ba shinge a kanta.

Ashe da asubar ranar an kafa sabo, kafin a kai mahaɗar da ke ɓullewa Kasuwar Litinin. Mun sha kwana ke nan sai ga buhunan yashi da ganguna da layin kekuna, ba halin juyawa, don wanda ya juya a gaban shinge ya kira wa kansa harsashi. Ƙa'idar kowa ya san ta. Keke zai tsaya daga nesa, fasinjoji su sauka su taka da ƙafa hannuwa a sama, maza su ɗaga riga, mata su ɗaga hijabi a ga cikinsu, direba ya biyo baya da keke ba kowa a ciki. Mun yi wannan har ya zama jiki. Da layi ya zo kanmu ƙafafuna da kansu suka sauka, na ɗaga hannu na fara tafiya, ƙanena yana gefena. Ina cikin tattare hijabina na ji wani soja daga bayan buhunan yana cewa, “Ke ta cikin keken, sauko.”

A nan na tuna da ita.

Ya sake faɗa, wannan karon da tsawa. Na waiga. Tana nan zaune abinta, kai a sunkuye, ga tudun goyo a ƙarƙashin hijabi, iska tana ɗan kaɗa gefensa kamar ta motsa. Sai na ji ƙarar da ba na fatan kowa ya ji, ƙarar bindigogi ana gyara su lokaci ɗaya. Mutanen da ke layi ba su jira bayani ba, kowa ya yi ta kansa. Wata mai ƙosai a gefen titi ta bar kaskonta a kan wuta, wani ya yar da kekensa na hawa ya faɗa kwata. Dattijon mai kekenmu ya kwanta rub da ciki a kan kwalta yana salati. Kafin ka ce me, titin ya zama ba kowa sai mu da ita.

Ƙanena kuwa, don neman gyara, sai ya juya zai koma wurin keken ya nuna musu. Na san in ya ƙara taku biyu shi ke nan. Na cafki wuyan rigarsa na fizgo shi har muka faɗi tare. Aka ce mu kwanta, muka kwanta. Kwaltar ta fara zafi, ina jin tsakuwa tana shiga kumatuna. Daga kwancen yake ɗaga murya yana cewa ƙarfe ce, ba mutum ba ce, aikinsa ne. Ba wanda ya kula shi, har sai da wani babba a cikinsu, mai furfura a gemu, ya ce a yi shiru. Hausarsa irin ta mutanen Jos ce. Ya sa ƙanena ya tuɓe riga, ya ce ya tashi shi kaɗai ya je ya cire mata hijabin, kuma ya sani in ta motsa, da shi da ita za a haɗa.

Ina kwance ina kallon bayansa yana tafiya, duk ƙasusuwa a waje, sai na tuna ni na goya yaron nan. Ya isa, ya kama hijabin ya zare a hankali. Na ɗauka da an ga ƙarfe ne magana ta ƙare. Ashe lokacin ta fara. Abin da ya bayyana a idonsu shi ne tanki ɗaure a bayan wani abu mai siffar mutum, da wayoyi kala-kala sun zagayo ƙirji. Ni kaina da na kalle ta daga inda nake, da idon wanda bai san labarin ba, bam na gani. Sojojin suka ƙara nutsewa bayan buhuna. Babban ya tambaya da ƙarfi ko akwai wani abu a cikin tankin.

“Agogo ne, ranka ya daɗe,” in ji ƙanena.

Da hannuna zai kai, da na wanka masa mari a wurin. Gaskiya ya faɗa, amma a duk kalmomin duniya ba wadda ta fi wannan muni a wannan titin. Na ji babban yana magana a rediyonsa, na tsinci cewa a turo masu tarwatsa irin waɗannan abubuwa, sannan ya ce a ɗaure yaron a sa shi a mota. Kowa a Mafoni ya san ma'anar a sa yaro a mota a shekarun nan. Akwai gidaje a layinmu da har yau uwa ba ta daina sauraren ƙofa ba. Ba bindigar ce ta fi ba ni tsoro ba, motar ce.

Ban san lokacin da na miƙe a kan gwiwoyina ba, hannuwa a sama. Na ce ni malamar makaranta ce, wannan ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, aikin hannu ne za mu kai baje koli. Ya ce baje kolin me. Na ce na zane. Ya yi mini kallon mahaukaciya, ya ce wa yake baje kolin zane a garin nan. Na shiga ba shi labarin matar gidanmu da goyonta, ina yi ina haɗa kalmomi, rabi kuka rabi magana, ban ma san ko yana fahimta ba. Da na ga ba ya motsi, sai na ce, “Oga, ka bar shi ya kwance ta a gabanku. Ni zan je in zauna a jikinta. In ta tashi, da ni za ta tashi.”

Ya dube ni, ya dubi keken. Sannan ya ce in je.

Muka sauko da ita daga keken muka zaunar a tsakiyar titi. Na zauna na jingina da ita, ina jin ƙas, ƙas ɗin nan a kafaɗata, ga bakunan bindigogi suna kallonmu. Ƙanena ya ɗauko sifana da filaya daga akwatin mai keke. Aka ce duk abin da ya cire ya ɗaga sama a gani. Ya fara warware majanyin, waya ɗaya bayan ɗaya, kitson da ya ɓata makonni yana yi. Yana cikin yi ya ce da ni ƙasa-ƙasa, “Yaya, in wani abu ya faru, ki ce wa Umma ƙofa na je kafawa.” Umma ba ta san yana ƙera irin waɗannan abubuwa ba. Mutumin da bai taɓa iya ƙarya ba, yau shi ke ba ni sautun ƙarya. Na ce ya rufe mini baki ya yi abin da ke gabansa.

Ya kwance notocin ya sauke goyon, ya buɗe tankin, ya zaro injin agogon, ya cire batirin ya ɗaga su sama, ɗaya a kowane hannu. Na ce to Alhamdulillahi. Amma babban ya ce saura ƙirjin da kan, yana son ganin cikinsu. Waɗannan kuwa walda ce, ba noti. Ƙanena ya tsaya yana kallonta. Na ce masa ya fasa, Allah ya ba shi hannun da zai ƙera wata. Ya ɗauki ƙarfen ɗaga taya ya soma dukanta. Kwanon dama ƙonanne ne, bai yi gardama ba. Sarƙoƙin suka zube, kan ya gangara ya tsaya a bakin kwata. Bai yi kuka ba, ni ce na yi.

Sai a lokacin babban ya fito daga bayan buhuna ya tako. Ya tura tarkacen da takalminsa, ya leƙa tankin, ya jujjuya injin agogon a tafin hannunsa. Ya nuna mana wani soja matashi da ke zaune a ƙasa ya dafe kai, gumi ya jiƙe masa riga. Ya ce wancan yatsansa yana kan kunamar bindiga tun kiran farko, kuma amininsa a shinge irin wannan wata mai hijabi ta tashi da shi. Ya miƙa wa ƙanena injin, ya ce, “Ku masu zanen nan, ba a garin nan kuke zaune ba ne?” Ya ce mu kwashe shararmu mu ɓace masa.

A cikin hijabin nawa muka tattara ta muka ƙulle. Dattijon mai keke ya kai mu gidan Baba, yana tuƙi yana faɗa da Barbarci shi kaɗai, kuma daga ranar in ya hango ni a titi sai ya kau da kai. Baba ya saurari abin da ya faru. Sannan ya ce a shimfiɗa hijabin a tsakiyar galari a bar tarkacen yadda suke, kada a gyara komai. Ƙanena ya ƙi shiga, ya zauna a dakalin waje ba ya ko amsa gaisuwa. 'Yan kallo suka fara zuwa ɗaya-ɗaya, suna duba zanen takalma da na ƙofofi a bango, in sun zo kan hijabin sai su tsaya, don labari ya riga ya zagaya.

Wajen azahar sai ga matar gidanmu da yaronta a hannu. Ashe ƙanena ya gayyace ta tun tuni, ya gaya mata abin da ya sa a cikin goyon. Ba ta kalli bango ba ko sau ɗaya. Ta durƙusa gaban tarkacen, ta ɗauki tankin da hannu biyu kamar yadda ake ɗaukar jariri, ta kara kunnenta. Ta ɗago ta dube ni ta ce, “Ya yi shiru.”

Ban san ƙanena yana bakin ƙofa ba. Ya shigo, ya laluba aljihu ya fito da injin da batirin, ya haɗa su ya mayar cikin tankin. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙas, ƙas, ƙas. Wallahi na ga mutane suna ja da baya, masu zane 'yan'uwanmu da suka san komai, har ni sai da na matsa kusa da ƙofa. Ita kuwa ba ta motsa ba. Ta sake kara kunnenta ta daɗe, sannan ta gyaɗa kai ta ce, “Yana nan.”

Abin da ranar ta koya mini shi ne, aiki ba ya ƙarewa a idon wanda ya yi shi. Ƙara ɗaya ce matar nan ta ji, ita sojan nan ya ji tsoro, kuma ba wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowa abin da garin ya yi masa ne ya ji. Mu ne muka manta a ina muke zaune. Shi ya sa har yau nake gaya wa ɗalibaina, kafin ki fita da aikinki, ki ja baya ki kalle shi da idon wanda bai san ki ba, wanda kuma aka taɓa cuta. Ƙanena ya ci gaba da ƙera abubuwansa, amma bai ƙara rufe ko ɗaya ba. A buɗe yake ɗora su a bayan mota, mai cewa gunki ya ce. Ni kuma tun daga ranar ba a rataya agogon bango mai ƙara a ɗakina.